Fanka da Jeren Itace a Murhun Ɗumama Gida

A hunturuna na farko a jihar Minesota ta Amurka, murhun ƙarfen da aka girka cikin tsohon gurbin wutar falonmu ya ba ni wahala, kuma laifin nawa ne, domin nakan kunna fankarsa da zarar na hura wuta. Ashe iskar tana sanyaya ƙarfen tun bai ɗauki zafi ba, sai wutar ta yi ta hayaƙi, gilashin ƙofar murhun ya yi baƙi ƙirin. Yanzu nakan jira minti 20 zuwa 30 kafin in kunna ta a hankali, ta turo zafin da bango zai shanye zuwa cikin ɗaki.

Jeren itace ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane kansa. Nakan jawo garwashi kusa da ƙofa, inda iska take shiga, sannan in jera faskaren itace daga gaba zuwa baya idan ina son wuta mai ƙarfi. Da dare kuwa nakan gicciye manya, in matse su, don garwashin ya kai asuba. Itacen da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba na saka shi, domin sai ka ji yana tsuwa, ruwa yana kumfa a bakinsa.