Wasiƙa daga Kumasi: Hanyar Gwanja a kan babur

Assalamu alaikum, jama'ar Gombe, iyayena da 'yan'uwana. Ina fatan wannan wasiƙa za ta same ku lafiya. Na rubuto ne domin in ba ku labarin tafiyar da na yi a kan babur daga Kumasi zuwa Salaga da Tamale a arewacin Gana. Salaga tana cikin ƙasar Gwanja da fatakenmu suka riƙa zuwa da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, suna komowa da goro.

Na fita da hunturu, na bi ta Mampong da Ejura, kuma ban kai Atebubu ba sai da ƙusa ta huda tayar baya a wurin da babu mai faci. Na tura babur cikin rana har na iske wasu manoma suna loda doya a bakin hanya. Ba ma jin harshen juna, amma ɗaya daga cikinsu ya ajiye aikinsa, ya ɗauke ni a kan nasa babur zuwa ƙauye, muka zo da yaro mai faci. Da na miƙa masa kuɗi sai ya ture hannuna, ya nuna sama da yatsa. Ban san addininsa ba, kuma ban tambaya ba.

Wannan jinkiri ne ya sa na isa Yeji bayan jirgin fito ya tashi. Yeji tana bakin tafkin Volta, wanda ya samu bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, kuma duk wanda bai san ruwan da ya fi na Dadin Kowa ba zai yi tsammanin teku ya iso. Masu kwale-kwale sun yi mini tayin ƙetarewa, sai wani dattijo Bahaushe mai sayar da busasshen kifi ya hana ni, ya ce kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a ƙarƙashi, kuma su ne ke fasa kwale-kwalen da aka cika wa kaya, musamman idan duhu ya yi. Ya ce, “Ɗana, kwana ɗaya ba ya rage maka komai.” A zaurensa na kwana. Raina a ɓace yake tun daga wurin faci, ina ta lissafin lokacin da na yi asara, amma da aka kira sallar isha'i na tsaya a sahu tare da mutanen da kakanninsu suka baro ƙasar Hausa tun da daɗewa, sai lissafin ya gushe daga zuciyata. Na ga cewa ƙusar da nake tsine wa ita ce ta kawo ni wannan zaure.

A nan nake so in tsaya kaɗan, domin mu a gida mun saba da faɗin “Alhamdulillahi” har ta zama amsar gaisuwa, muna faɗinta ba tare da mun ji nauyinta ba. Haka kuma addu'ar hawan abin hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, wadda muke karantawa da sauri kafin mu tayar da inji. Ma'anarta ita ce tsarki ya tabbata ga wanda ya hore mana wannan, alhali ba mu kasance masu iya rinjayarsa ba, kuma lalle ga Ubangijinmu za mu koma. Washegari, bayan jirgi ya sauke mu a Makango, tayar gaba ta nutse cikin yashi a hanyar Salaga, babur ya kayar da ni, kaina ya bugi ƙasa. Ina kwance cikin jar ƙura na fahimci abin da ayar take nufi da rashin iya rinjaye. Hular kwano ce ta tsage, ni kuwa gwiwa kawai na goge. Shi ya sa ba na yarda da 'yan acaɓarmu masu cewa ajali ba ya jin hula. Ajali na Allah ne, gaskiya ne, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Salaga ta yau ƙaramin gari ce idan aka kwatanta da sunanta. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta, ciki har da malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya koma Kete Krachi ya rasu a can a 1934. Rijiyoyin Salaga da yawa suna nan, kuma mutanen garin ba sa ɓoye cewa an sayar da bayi a kasuwarta, abin da mu ma ya kamata mu riƙa faɗi idan muna alfahari da fatauci.

Daga Tamale na komo ta babbar hanya, kilomita kusan 380, ta Yapei da Buipe da Kintampo da Techiman. Sarƙa ta tsinke kusa da gadar Buipe, na zauna a gindin itace na yi ƙasaru, na haɗa azahar da la'asar, ba tare da wata damuwa ba, har wani direban babbar mota ya tsaya muka ɗora babur a kan buhunan gawayi. Yanzu babur yana hannun bakanike a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, gwiwa kuma ta warke.

Ku gaishe mini da mutanen Jekadafari da Tudun Wada, ku sa mu cikin addu'a. Wassalam.

Ɗan'uwanku, daga Kumasi.