Yadda na daina haddace kalmomin turanci kara zube

Shekara biyu da suka wuce na kafa wa kaina doka, kullum sai na haddace kalma goma daga dikshinari, ina rubuta su a littafi da fassararsu a gefe, da dare in yi bita. Wata uku ina haka har littafin ya kusa cika, amma wallahi idan na zo rubutu ko magana ko ɗaya ba ta zuwa min, wadda ta zo kuma sai in saka ta inda ba wurinta ba.

Abin da ya farkar da ni wata wasiƙar godiya ce da na rubuta wa wani malamina, na ce shi notorious ne a fanninsa, ni dai shahararre nake nufi. Ya kira ni ya zaunar da ni, cikin mutunci ya ce ai wannan kalmar ta wanda ya yi ƙaurin suna ce wajen mugun abu, irin su ɗan fashi, renowned ya kamata in ce. Abin ya tsaya min a rai sosai don mutum ne da nake ganin girmansa.

Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar kalma ita kaɗai ba, sai da jimlar da na tsince ta ciki. Na koma Oxford Advanced Learner's Dictionary saboda misalansa, a nan na gane kowace kalma da abokan tafiyarta. Ana cewa heavy rain, ba a cewa strong rain. Kuma cause, ku lura da ita, yawanci da abu mara daɗi take tafiya, damage, trouble, pain. Fassara ba za ta taɓa gaya maka wannan ba.

Sai na shiga bin tushen kalmomi, nan kam na ji daɗi. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 Faransanci ya kwararo cikin turanci, ga na Latin kuma, shi ya sa za ka ga ask da question da interrogate duk tambaya ce amma nauyinsu ba ɗaya ba, ta ƙarshen ɗan sanda ne ke yi wa wanda ake tuhuma. Da na san bene alheri ne, mal kuma sharri, benevolent da malevolent ba su ƙara rikita ni ba.

Batun mantuwa kuwa, manhajar Anki na sa a waya, ita ke dawo min da kalma bayan 'yan kwanaki kafin ta gudu. Na rage zuwa uku a rana, kowacce kuma sai na gina mata jimla tawa a kan abin da ya faru da ni ranar. Wannan satin economic da economical nake fama da su, jiya ma sai da na goge ɗaya a saƙo na gyara kafin in tura.