A ƙofar gidan Robert Smalls

Jiya abokin aikina ya ja ni garin Beaufort a jihar Karolina ta Kudu, wai sai na ga wani gida. Ni kuwa yunwa nake ji, ina ta ƙunƙuni a mota.

Farin gida ne mai bene a titin Prince. A 'yar bukkar bayansa aka haifi Robert Smalls a 1839, bawa ɗan baiwa. A 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, ya kifa hular kyaftin a ka, ya sulale da jirgin ruwan sojojin Kudu mai suna Planter daga tashar Charleston kafin gari ya waye, matarsa da 'ya'yansa a ciki, ya miƙa shi ga sojojin Arewa. Daga baya ya saye wannan farin gida, na tsohon ubangidansa, a gwanjo. A 1875 ya shiga majalisar wakilan Amurka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne matar ubangidan. Da tsufa ya ci ƙarfinta, Smalls ya karɓe ta, ta zauna a gidan har ta rasu. Ni da har yau nake gaba da wani kan bashin da bai taka kara ya karya ba!

Sai da muka kama hanya na tuna ban ci abinci ba.