Kujerar da ke kallon ƙofa

Talata, bayan isha'i, Bauchi.

Mutum na tara a layin yau soja ne, sati bakwai da dawowarsa daga Borno, daga rundunar Haɗin Kai. Ciwon zuciya ya kawo shi, in ji shi. An auna jini, an yi gwajin bugun zuciya, an duba tayirod, duk lafiya lau, sai aka turo shi ɓangarenmu na lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin ya zauna sai da ya juya kujerar ta kalli ƙofa. Na rubuta wannan a kati tun bai buɗe baki ba.

Mai ɗakinsa ce ta fi bayani. "Sista, ranar Juma'a taya ta fashe wajen kasuwar Wunti, kafin in waiga yana kwance a ƙasa." Barcinsa bai wuce awa uku ba. Ƙarfe biyun dare zai farka jiƙe da gumi, ya zagaya gida yana taɓa sakata. Ya daina zuwa ɗaurin aure, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa. Shi dai kansa na sunkuye.

Abin da na fara lissafawa shi ne kwanaki. Firgita da mugun mafarki a watan farko ba abin mamaki ba ne, da yawa sukan lafa da kansu. In an haura wata ɗaya, abin kuma ya hana aiki ko zaman iyali, sai a nemi alamu huɗu: abin da ya faru yana dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, zuciyarsa ta dushe ko yana ɗora wa kansa laifi, sannan jikinsa kullum a ɗane kamar kunamar bindiga. Likitoci na kiran wannan PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Na bi da shi takardar PCL-5, tambaya 20, kowace daga 0 zuwa 4, jimla 80. Daga 31 zuwa 33 ake fara zargi. Ya samu 46. Maki dai manuniya ce, hukunci na likita ne.

Na ce masa, Yallaɓai, wannan ba tsoro ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Jikin da ya koyi kwana da kunne ɗaya a daji, shi ya dawo da kai da rai, har yanzu dai ba a sallame shi daga gadi ba. A nan ya ɗago kai.

Inda aka fi ɓata lamarin shi ne kemis. Da na matsa, ya ciro sacet biyu daga aljihu: diyazefam don barci, da taramol mai miligiram 225, wanda ba a ma yarda da shi a asibiti ba, namu 50 ne da 100. Diyazefam yana kwantar da mutum a daren, amma ba ya taɓa tushen ciwon, cikin 'yan makonni jiki ya saba, ranar da babu kuwa fargabar ta ninka. Taramol ya fi muni, don in ya haɗu da sataralin, maganin da aka fi bayarwa a wannan ciwo, yana iya jawo farfaɗiya ko zazzaɓi da karkarwa mai hatsari. Shi ya sa likita ta ce a fara janye su a hankali, ba a yanke rana ɗaya ba. Bayan nan sataralin miligiram 25 na sati guda, sannan 50. Na gargaɗe shi cewa satin farko zai iya jin tashin zuciya, fargabar ma ta ɗan ƙaru, amfanin kuma sai sati huɗu zuwa shida. A wannan gaɓar mutane ke jefar da magani su ce bai karɓe su ba.

Asalin maganin dai zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, sau 8 zuwa 12, sati-sati, ana bin abin da ya faru daki-daki har ya zama labari. Kafin nan mun gwada numfashi: ja ta hanci a ƙirga huɗu, saki ta baki a ƙirga shida, minti biyar, safe da dare. Goro, shayi da kofi su tsaya daga la'asar. Ruƙiyyar da mahaifiyarsa ta sa ake yi masa na ce a ci gaba, kada dai ta hana zuwa asibiti.

Matar kuma na ce kada ta taɓa shi in yana mafarki. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta kunna fitila, ta kira sunansa, ta faɗa masa yana gida, a Bauchi. Yara su daina faɗo masa ta baya. Ranar hawan sallah, da 'yan bindigar sarki za su fara harbi, a san inda yake.

Sai na roƙe ta ta ɗan ba mu wuri, na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta shuka tunanin, dole a yi ta. Ya yi shiru ya ce a'a, amma wani lokaci yakan ji da ma shi ne bai dawo ba. Da izininsa na sanar da likita, muka kuma sa magungunan a hannun matar. Maimakon wata guda, Talata mai zuwa zai dawo.