Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kukan da Na Ɓoye a Ɗakin Inna

A makon jiya na tsaya ne a ranar sunan ɗana na uku, gida cike da mata ana ta rabon fanke da naman suna, ni kuwa ina ƙuryar ɗakin Inna a Runjin Sambo na juya fuska ga bango.

Gaskiyar magana abin ya girmi ranar sunan. Tun cikin yana wata biyar komai ya fita raina. Furar da a da nake sha safe da yamma, sai in ajiye ta ta yi tsami. Ƙarfe uku na dare idona biyu, ba ciwo ba sauro, sai wani nauyi a ƙirji kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Kowa ya ce laulayi ne. A wurin awo ana gwada jini da fitsari, a auna tsayin ciki, amma ba a taɓa tambayata halin da zuciyata take ciki ba, ni ma ban san abin faɗa ba ne.

Haihuwar ta faɗo cikin bazara, wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ba sai na yi masa bayani ba. Ga wankan jego da ganyen darbejiya safe da maraice, ga kunun kanwa. Duk wannan na jure shi a haihuwa biyu na baya. Abin da ya tsorata ni shi ne in ɗauki yaron in ji kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo. Ina shayar da shi hawaye na zuba a kansa, sannan in tsani kaina: wace irin uwa ce wannan?

Wata rana Inna ta shigo ta tarar da ni haka. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi ka damunki? Allah ya ba ki ɗa lahiyayye, mijinki bai rage ki da komi ba. Ki yi hanƙuri, ki bar kukan ga kada mutane su ji." Gwaggo kuwa ta yanke hukunci nan take, wai iska ce ta shafe ni don na fita bayan gida da magariba. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiya, an turara ni da hayaƙi. Ban raina addu'a ba, har gobe da ita nake kwana, amma aka yi arba'in na koma ɗakina a Mabera abin sai gaba yake yi.

Ƙanwar maigidana ma'aikaciyar jinya ce. Ita ce ta ji ni, ina ninke kayan yaro, na ce da ba ni a duniyar da kowa ya huta. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Anti, maimaita." A daren ta sami yayanta ta ce a kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya zabura: "Kware? Matata ba mahaukaciya ba ce!" Ban ga laifinsa ba. A garin nan in aka ce a kai mutum Kware kowa ya san nufi, alhali asibitin gwamnatin tarayya da ke can yana duba masu damuwa da masu rashin barci da masu farfaɗiya. Ai ko dokar da ƙasar nan ta daɗe tana aiki da ita ta 1958 ce, mai suna dokar mahaukata, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwa.

Da ƙyar maigidana ya yarda muka je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Likitar ta yi mini tambayoyi goma a kan kwana bakwai da suka wuce: ina iya dariya, ina zargin kaina, tunanin cutar da kaina ya taɓa zo mini? Sannan ta ce sunan abin ciwon damuwa. Ta ce bayan haihuwa sinadaran da suka riƙe ciki suna faɗuwa farat ɗaya, shi ya sa yawancin masu jego kan yi 'yan koke-koke daga kwana na biyu ko na uku, amma wannan ba ya wuce mako biyu. In ya zarce, ciwo ne. Rashin barci da rashin mataimaki da saɓani da miji da talauci suna ƙara masa wuta, kuma wadda ta fara shi tun da ciki ta fi shiga haɗari. Ta sa aka duba ko ina da ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo, don su ma suna kawo irin wannan kasala. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ta faɗa mini sun tsaya mini a rai: a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 da suka haihu tana fama da irin wannan lalura. Na tuna matan da suka cika gidanmu ranar suna, na fara ƙirga su a zuci.

Aka ba ni sertraline, wanda ake iya sha ana shayarwa, aka kuma sa mini ranakun zuwa mu zauna mu yi magana. Mako uku ban ga canji ba, har na so in watsar, likitar ta ce dama yakan ɗauki makonni. A mako na biyar yaron ya yi mini murmushi na ji abin har cikin raina. Na ci gaba da sha wata shida bayan na warware, kamar yadda aka umarce ni. Inna dai "maganin barcin nan naki" take kiransa.

Shekaru suka ja, Baba ya rasu. Inna ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, amma ba ta fito ba. Ta daina suyar ƙuli-ƙulin da aka san ta da shi, ta daina zuwa biki da gaisuwa. Kullum ƙafa, baya, ciki na zafi, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba sai hawan jininta na da. Ta fara mantuwa, yayyena maza suka ce gigin tsufa ne, a bar ta ta huta. Na je na kwana da ita. Ƙarfe uku na farka na gan ta zaune a bakin gado, ba tasbaha a hannunta, ta zuba wa bango ido. Na san wannan zaman.

Na kai ta asibiti. Likita ya ce tsofaffi ba kasafai suke cewa ransu a ɓace yake ba, da ciwon jiki suke kawo ƙara, kuma damuwa tana kawo mantuwar da kan ragu in an yi magani. Ya fara mata da ƙwaya kaɗan saboda shekarunta, ya ce a daina barin ta ita kaɗai a sashenta. Na tura mata 'yata ta fari ta riƙa kwana da ita.

A hanyarmu ta dawowa daga asibitin, cikin Keke Napep, mun kusa gida ta kama hannuna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sa'ad da na haihe ki, shekara guda ina shiga ɗakin girki in yi kuka, in an tambaya in ce hayaƙi ne. Ko babanku bai sani ba."

Mako mai zuwa zan kawo muku yadda muka kwashe da babban yayanmu da ya ji an kai Inna wurin likitan ƙwaƙwalwa ba da saninsa ba.