Abin da Tsuntsu Yake Dubawa Kafin Ya Tare a Akwatin Sheƙa

Da zarar sanyi ya janye, itatuwa suka fara toho, tsuntsaye sukan bazama neman wurin sheƙa, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne masu yin ƙwai a kogon itace, domin tsofaffin itatuwa masu kogo su aka fi sarewa. Akwatin sheƙa, wato ɗan akwati mai huda ɗaya a matsayin ƙofa da ake rataye wa tsuntsaye, madadin wannan kogo ne. Shi ya sa ba kowane tsuntsu yake shigarsa ba. Wanda ya saba saƙa gidansa a kan reshe ko kallonsa ba zai yi ba.

A ganina, mutane suna ɓata ƙarfinsu wajen ƙawata akwatin, alhali ƙofar ce take zaɓar wanda zai zauna. Ƙofa mai faɗin milimita 25 ta ƙananan tsuntsaye ce ƙwarai, milimita 32 takan dace da gwara, milimita 45 kuwa ta waɗanda suka fi su girma ce. Idan ta yi faɗi fiye da kima, babban tsuntsu zai kori ƙarami, kyanwa ma za ta samu damar zura hannu. Ya kamata ƙofar ta yi sama da ƙasan akwatin da kamar santimita 12, don kada 'ya'yan su faɗo kafin fikafikansu su yi ƙwari. Ɗan sandan da ake kafawa a bakin ƙofa kuwa ban ga amfaninsa ba, tunda mai sheƙar ba ya bukatarsa, sai dai ya zama matakala ga masu satar ƙwai.

Katako mai kaurin milimita 15 ko fiye shi ne ya dace, ba tare da fenti a ciki ba, a kuma huda ƙasan don ruwa ya tsiyaye. Kwano da roba suna ɗaukar zafin da zai iya kashe 'ya'yan.

A kafa akwatin a tsayin mita 2 zuwa 4, a gefen da rana ba ta dukansa da tsakar yini, a ɗan karkata shi gaba saboda ruwan sama, nesa da inda ake zuba wa tsuntsaye hatsi, domin mai kwanci ba ta son hayaniya. Sai dai duk wannan ba zai wadatar ba idan ana feshin maganin ƙwari a lambun, saboda yawancin ƙananan tsuntsaye da tsutsa da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, har da waɗanda aka sani da cin hatsi.

Gara a rataye akwatin tun kafin sanyi ya ƙare, kuma ba abin mamaki ba ne ya kwashe shekarar farko babu kowa a ciki. Idan an tare, a guji buɗe shi don leƙe. Sai 'ya'yan sun tashi, lokacin sheƙa ya wuce gaba ɗaya, sannan a kwashe tsohuwar sheƙar, a wanke cikin da tafasasshen ruwa don kashe ƙuma, a bar shi ya bushe kafin a mayar da murfin.