Laraba: wanne zai fara ƙarewa?

Bayan an dawo daga tara nake da 'yan SS2 yau, darasi biyu a jere, ga zafi ga ba wuta. Na rubuta N₂ + 3H₂ → 2NH₃ a allo, wato haɗuwar naitirojin da haidirojin su ba da amoniya, na ce ga giram 28 na naitirojin, ga giram 9 na haidirojin, wanne zai fara ƙarewa? Kusan duk ajin suka ɗauka baki ɗaya: haidirojin, ai 9 bai kai 28 ba.

Tarkon nan duk shekara sai ya kama yara. Lambobin da ke gaban sinadaran mol suke ƙirgawa, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, babu ruwansu da giram. Giram 28 na naitirojin mol ɗaya ne cif. Haidirojin kuwa ba shi da nauyi, giram 2 ya cika mol, don haka giram 9 mol 4.5 ne, alhali 3 kawai ake buƙata. Naitirojin ne zai ƙare, giram 3 na haidirojin ya rage ba abokin haɗi. Amoniya mol 2 za a samu, giram 34. Na sa su tara 28 na naitirojin da 6 na haidirojin da aka yi amfani da shi da kansu.

Da na ga wasu sun yi zuru, na ce kuna da gangar jikin adaidaita sahu 10 da taya 24, nawa za ku haɗa? Takwas, suka ce. Abin da dai ya fi yawa shi ya tsayar da aikin, domin uku-uku ake cinsa.

Wata yarinya a layin baya ta ce, "Malam, a masana'anta ma cif ake samu?" Tambayar ta fi darasin daɗi. Ina! Haɗin yana komawa baya, wato amoniyar tana sake rabuwa ta koma naitirojin da haidirojin. Masanin sinadarai Fritz Haber ya nuna hanyar a 1909, takwaransa Carl Bosch ya kai ta masana'anta a Jamus a 1913. Ko da zafin digiri 450 da matsi mai tsanani da ƙarfe mai hanzarta haɗin, kusan kashi 15 cikin 100 ake samu a zagaye ɗaya. Sai a sanyaya amoniyar ta zama ruwa, a mayar da ragowar iskar ta sake zagayowa. Daga amoniyar nan ake yin takin yuriya da iyayensu ke zuba wa masara.

Jinga: giram 14 na naitirojin da giram 2 na haidirojin. Da gangan na juya ta, saboda na hango masu rubuta "naitirojin" a gefen littafi suna ja masa layi.